Agogon Alhaji Babandi a Cikin Jimina

A shekarun da ake ta hayaniyar neman mulkin kai, an yi wani maigida a Sabo, unguwar 'yan Arewa a birnin Badun, da ake kira Mijinyawa. Sana'arsa saukar da fataken goro. Su zo daga Arewa, ya ba su ɗaki da tuwo, ya haɗa su da dillalai, ya tsaya a kan ɗaurin huhu har a kai kaya tashar jirgi. Gajere ne mai tumbi, mai son babbar riga ko da rana ta take, kuma da wuya ya yi magana biyu bai ce "mu a Arewa" ba. Alhali a goye aka kawo shi Badun, kuma tun daga lokacin bai sake ƙetare gadar Jabba ba. Mutum ɗaya ce ta rage da ta san haka, wato gwaggonsa Inno, wadda ta goyo shi a hanyar. Tana zaune a ɗakin bakin zaure tana sayar da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ba ta tona masa asiri, ba ta kuma rufa masa.

Babban baƙonsa shi ne Alhaji Babandi, wani dogon Bakano siriri wanda rabin tuwon gidan daga cinikinsa yake fitowa. Alhaji yana da hali guda: ba abin da ke burge shi. In an nuna masa gini ko doki ko ruwan sama, sai ya taɓe baki ya ce akwai irinsa a Kano, sai dai nasu ya fi. Yana kuma da agogon aljihu mai sarƙa, wanda ya ce na zinariya ne, daga Makka ya zo da shi. Kafin ya amsa gaisuwa sai ya zaro shi ya buɗe ya duba, kamar yana lissafin ko gaisuwar ta zo a kan kari.

A wata kaka Mijinyawa ya shiga damuwa. Abokin hamayyarsa Ya'u, wanda gidansa ke kallon nasa, ya gama bene mai rufin kwano, ya shafe shi da shuɗin fenti. Tun ranar da Alhaji ya sauka Ya'u ke aiko masa da farfesun kan rago. Wata safiya Mijinyawa ya fito ya tarar da baƙonsa a ƙofar gida ya ɗaga kai yana kallon tagogin benen, kuma bai ce akwai irinsu a Kano ba. Wannan shirun ya hana Mijinyawa cin abincin rana.

Sammani mahauci ne ya kawo masa dabara ba da saninsa ba. Suna hira a bakin rumfarsa, Sammani yana zuba ƙashi da tumbi a kwando, sai Mijinyawa ya tambaye shi ina za a kai wannan tarkacen.

"Lambun Turawa, can bayan gari," in ji Sammani. "Tsohon lambu ne, tun kafin yaƙin Bama suka dasa shi. Yanzu sun ƙara da namun daji. Kura ke cin wannan. Akwai kada, akwai birai, har da jimina."

"Ana barin mutane su shiga?"

"Ana bari. Mu dai 'yan Sabo ba ma zuwa, sai 'yan boko da matansu."

Mijinyawa ya juya goro a baki. Ya'u yana da bene, amma ba shi da kura.

Ranar Lahadi da hantsi ya ɗauko motar haya ta wani Bayarabe, ya sa aka goge ta. Ya saka rigarsa mai aska takwas, ya shiga ya gayyaci Alhaji ganin lambu. Da suka fito sai suka tarar da Inno ta riga su, ta zauna a kujerar gaba ta ɗora sandarta a cinya.

"Gwaggo, tafiyar maza ce," in ji Mijinyawa a hankali.

"Namun dajin ma maza ne duka?" ta ce, ba ta ko waiwayo ba.

Haka aka tafi, manya biyu a baya gwiwa na gugar gwiwa, motar ta hau tudun Mokola tana tari.

A ƙofar lambun wani tsohon soja ya tare su, Bayarabe mai suna Kofur Lasisi, da kulki a hammata. Hausarsa ta bariki ce, a soja ya koyo ta, kuma da ita yake ba da umarni har yau.

"Ekabo, Baba Sabo. Doka uku ne. Ba taɓa. Ba tsinka. Ba ba shi abinci."

Alhaji ya zaro agogo ya duba, sannan ya shiga.

Wurin yana da sanyi da inuwa, hanyoyi an share su an jera musu fararen duwatsu. Kowace bishiya an kafa mata ƙaramin allon ƙarfe da sunanta a rubuce, kamar kabarin Nasara. Mijinyawa ya shige gaba yana baza hannun riga yana bayani, ko da yake shi ma ranar ya fara zuwa. Suka wuce gora mai tsayin soro, suka wuce wani tafki da furanni ke kwance a kan ruwa, har suka iso wata ƙatuwar bishiya mai kauri da aka kewaye da shinge ita kaɗai.

"Wannan kam daga Ingila aka kawo irinta," in ji Mijinyawa. "Dubi jikinta, Alhaji, sumul kamar an yi mata yaɓe."

Inno ta dogara sanda ta ɗaga kai.

"Kuka ce," ta ce. "Ita ka sha jiya da daddare."

Mijinyawa ya ji zufa ta karyo masa a ƙarƙashin hula. Shi garin kuka kawai ya sani, a cikin ƙwarya.

"Na sani mana, Gwaggo. Ruwan Kurmi ne ya sauya mata kama. Mu a Arewa tamu ta fi duhu."

"A Kano ba mai yi mata shinge," in ji Alhaji. "Jakuna ake ɗaurewa a gindinta."

Inno ta ce ƙafarta ta gaji, su je su dawo, ita za ta huta a inuwar 'yar garinsu. Suka bar ta a nan.

Sashen dabbobi bai taimaki Mijinyawa ba. Kadan yana kwance a bakin ruwa kamar gungume, Alhaji ya ce shi bai yarda ma da rai a jikinsa ba. Kura tana barci ta juya musu baya. Mijinyawa ya matsa ya yi mata kirari, ya kira ta amina mai dare, ya buga ƙafa, ita kuwa ta motsa kunne ɗaya ta kori ƙuda. Birai ne kaɗai suka kula da su, su ma babban cikinsu ya zo ya zauna daidai gaban Alhaji yana sosa ciki yana taɓe baki, har Mijinyawa ya yi sauri ya ja baƙonsa gaba kafin wani ya lura da kamar.

Daga nan suka tsaya gaban wani keji. A ciki akwai wata dabba mai dogon hanci, da kunnuwa kamar na jaki, da jela mai kauri, tana tonon ƙasa. Mijinyawa bai taɓa ganin irinta ba ko a mafarki. Ya tsaya yana jira Alhaji ya faɗi sunanta. Abin da bai sani ba, Alhaji ɗan birni ne, tsakanin kanti da masallaci ya girma, daji kuwa ta tagar jirgi yake ganinsa. Shi ma jira yake.

"Ai ka san wannan, Alhaji," in ji Mijinyawa.

"Haba. Wa bai san shi ba? Kai ma ai ka san shi."

"Sosai. Mu a Arewa har kiwonsa ake yi."

"A Kano sun yi yawa ma," in ji Alhaji.

Suka gyaɗa kai tare, suka wuce.

Jimina ce ta ƙarshe. Tana cikin wani fili mai shingen katako iya ƙirji, doguwa, cinyoyinta tsirara, idanunta manya masu gashi kamar an sa mata kwalli. Ta tako a hankali ta tsaya tana duban su ta sama. Mijinyawa ya saci kallon baƙonsa ko zai ga alamar mamaki. Alhaji ya yi hamma. Ya jingina da shingen, ya zaro agogo ya buɗe shi a rana.

"Maigida, mu koma haka. Malam Ya'u ya ce in leƙa in ga benensa bayan azahar."

Bai rufe baki ba wuyan jimina ya sauko ta kan shingen. Aka ji ƙas, sarƙar ta tsinke. Alhaji ya tsaya da hannu a buɗe ba komai a ciki. Jimina ta miƙe wuya sama, su biyu suka bi wani ƙullutu da ido yana gangarawa sannu a hankali, tun daga maƙogwaro har ya ɓace cikin gashin ƙirji. Ta ƙifta ido, ta dubi maɓallin rigar Mijinyawa. Ya ja da baya.

Alhaji ya yi salati da wata murya da Mijinyawa bai san yana da ita ba. Kofur Lasisi ya taho da gudu.

"Na ce ba ba shi abinci."

"Wa ya ba ta? Ƙwace ta yi," in ji Alhaji. "A kawo wuƙa. Maigida, aika a kira mahaucin nan naka."

"Ba yanka," in ji Kofur. "Jimina yana da lamba. Kai ba ka da lamba."

Hayaniya ta jawo Baturen da ke kula da lambun, wani mai gajeren wando da jajayen gwiwoyi. Kofur ya yi masa bayani. Bature ya juya baya na ɗan lokaci yana gyaran murya, kafaɗunsa na rawa, sannan ya juyo da fuskar jaje. Ya ce a gaya wa Alhaji ya yi haƙuri, tsuntsuwar ta taɓa haɗiye makullin ofis da cokali, kuma abin da ya shiga yakan fita, sai dai ba a sa mata rana. Ya tambaya wane ne mazaunin gari a cikinsu. Mijinyawa ya dafa ƙirji. Bature ya ce to shi ya riƙa zuwa kowace safiya, Kofur zai buɗe masa, su duba tare.

Suka shiga mota suka kama hanyar gida. Sai da suka gangaro Mokola sannan abin ya faɗo wa Mijinyawa a rai: shi kaɗai aka ba izinin shiga, kuma mutum ba ya barin gidan wanda ke bin masa sawun dukiya. Ya danne murmushi da hannun riga, ya ce, "Allah ya sa kaffara ce, Alhaji." Inno kuwa tana gaba ta rungume ƙullin zane da ya kumbura, wanda ba ta zo da shi ba. Lokacin da Kofur ke fama da jimina, ita tana fama da rassan kukar na ƙasa. Ranar an yi miyar ɗanyar kuka a gidan, Alhaji ya ci ya ƙara, bai je ganin bene ba.

Kafin gari ya waye labari ya gama Sabo. Bayan sallar asuba aka tsaya a ƙofar masallaci ana muhawara. Wani malami ya ce in agogon ya fito wanki bakwai ya wadatar. Wani ya ce ƙarfe ba ya shan najasa, ɗaya ma ya isa, amma kada a yi salla da shi a aljihu sai an shekara. Wani tsoho ya ce shi damuwarsa jiminar ce, ko namanta ya halatta tunda ta ci haram. Har aka kusa ɓatawa.

Lahadin da ta biyo, 'yan Sabo suka cika lambun, waɗanda shekara da shekaru ba su san hanyarsa ba. Dillalai, mahauta, 'yan koli, kowa da babbar riga. Ba mai kallon kada, ba mai kallon furanni. Suka yi layi a shingen jimina, kowa ya cire zobe ya ɓoye, ya kara kunne. Wasu suka rantse sun ji ƙas-ƙas a cikinta. Wani ya ce ya ga ta durƙusa daidai azahar. Bature ya tsaya daga nesa yana murna, ya gaya wa Kofur bai taɓa ganin al'umma mai son ilmin tsuntsaye kamar mutanen Sabo ba.

Ya'u ya shiga yaɗa cewa Mijinyawa ne ya yi wa tsuntsuwar asiri don ya riƙe baƙo. Maganar ta koma wa Ya'un, domin fatake suka fara cewa maigidan da jimina ke yi wa aiki ba a raina shi.

Alhaji kuwa ya zama abin zuwa gani. Yana zaune a zauren Mijinyawa a kan buzu, ana shigowa jaje rukuni-rukuni, shi kuma yana ba da labarin agogon. Kullum agogon ƙara nauyi yake. Da farko zinariya ce kawai. Daga baya aka ji yana da duwatsu masu walƙiya a ciki, kuma wani Balarabe ya bi Alhaji har Jidda yana roƙo a sayar masa. Tsakanin jaje da jaje yana sayen goro ta hannun dillalan Mijinyawa, tunda zama ya kama shi.

Wahalar tana kan Mijinyawa. Kowace safiya yakan naɗe babbar riga a kafaɗa, ya karɓi tsinke a hannun Kofur, su shiga bin sawun jimina suna tona abin da ta bari. Mutumin da ko huhun goro ba ya ɗagawa da kansa. Suka tono tsakuwa, suka tono ƙusa, suka tono murfin kwalba. Jimina tana biye da su tana leƙen aikin.

Wata safiya tsinken Kofur ya daki wani abu. Suka wanke shi a bakin famfo. Agogon ne, ya lotse, gilashin ya tafi, hannayen sun tafi. Amma ba wannan ne ya ɗauki hankalin Mijinyawa ba. Ruwan zinariyar ya goge tas, abin da ya rage farin ƙarfe ne mai tsatsa a gefe, kamar gwangwanin madara.

Kofur ya juya shi a tafin hannu. "Zinariya ya tsaya ciki?"

"Zinariya ba ta koɗewa, Kofur," in ji Mijinyawa. Ya sha ganin irin wannan agogon a faifan 'yan koli a kasuwar Dugbe, a jere da madubai da reza.

Ya zauna a kan wani dutse yana tunani. Da farko dariya ce ta taso masa, da wani daɗi na ganin wanda ya raina masa gari ashe gwangwani yake dubawa. Ya hango kansa yana ajiye abin a tsakiyar zaure gaban masu jaje. Sai kuma ya hango abin da zai biyo baya. Alhaji zai tattara kayansa, kuma ba benen Ya'u kaɗai zai koma ba, zai daina gaishe shi har abada, don mutum yakan yafe wa wanda ya cuce shi, amma da wuya ya yafe wa wanda ya ga tsiraicinsa. Ban da haka, shi kansa Mijinyawa ya san zafin a ce maka kuka ce a gaban mutane.

Ya zura hannu a aljihu ya ciro manyan goro farare ya cika wa Kofur hannu.

"Yau ba mu ga komai ba."

Kofur ya dubi goron, ya dubi jimina, ya ƙame. "Ba mu ga komai, sa."

Mijinyawa bai fasa zuwa lambun ba, don kada a yi zargi. Sai dai yanzu ba ya tono. Yakan zauna a inuwa da Kofur su ci goro, Kofur yana ba shi labarin dajin Bama, shi kuma yana ba Kofur labarin Arewa. In ya koma gida Alhaji ya tambaya, sai ya girgiza kai ya ce da sauran haƙuri. Ya lura Alhaji ba ya ɓata rai da wannan amsar. Wata rana ma da ya shigo da fara'a saboda wani ciniki, sai ya ga fuskar Alhaji ta sauya, har sai da ya ce ba labari tukuna sannan mutumin ya saki numfashi.

Da kaya suka kammala, Mijinyawa ya raka shi tasha. An loda huhuna, jirgi yana huci. Alhaji ya leƙo ta taga, hannunsa ya tafi aljihun ƙirji ya dawo.

"Maigida, maganar agogon nan. In ya fito..."

"Ba zai fito ba, Alhaji. Bature ya ce zinariya in ta yi kyau sosai, cikin jimina ba ya sakinta. Tagulla da gwangwani ne ke fita."

Alhaji ya dube shi, ya daɗe yana dubansa. Mijinyawa ya tsayar da idonsa a kan huhunan goro.

"Haka nake zato," in ji Alhaji. "Baturen nan ya san aikinsa. A gaida Gwaggo. Sai baɗi, in muna da rai."

A hanyar komawa Mijinyawa ya tsaya a kan wata gada, ya duba hagu da dama, ya jefa ƙarfen a rafi.

Da kaka ta zagayo Alhaji Babandi ya sauka a gidansa tare da wasu attajirai uku da ba su taɓa zuwa Badun ba. Ko ruwa ba su gama sha ba suka ce a kai su su ga jiminar. Bayansu wasu suka zo, su ma haka. Gidan Mijinyawa ya cika har ya kama ɗakuna a maƙwabta, amma duk baƙon da ya sauka sai an ɗauko masa mota an kai shi lambu, Mijinyawa na tsaye a rana yana nuna daidai inda Alhaji ya jingina. Jiminar ta gane shi, ko daga nesa ta hango rigarsa sai ta taho da sauri. A shekara ta uku ta cire masa hula a gaban baƙi ta yi cikin fili da ita, Kofur ya ce ba a shiga sai ta ajiye da kanta. Mijinyawa ya koma Sabo da kai a buɗe, ya sa direba ya sauke shi ta ƙofar baya.